Westvleteren, St. Bernardus ko Rochefort: wace kwalba ta cancanci kuɗinka da wahalarka?

Kawuna ya zo Beljiyam a tsakiyar hunturu don wani taron coci na kwana biyar a birnin Ghent. Tun bai gama cire rigar sanyinsa ba ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, wadda wani abokin aikinsa ya rubuta masa. Suna ɗaya ne a jiki: Westvleteren 12. Ya ce, "Ɗana, an ce mini duk duniya babu giyar da ta kai wannan. A wane kanti ake sayar da ita?" Na ce, "Kawu, zauna ka sha ruwa tukuna. Wannan ba a kanti ake samun ta ba, kuma kafin mu tashi nemanta akwai 'yan'uwanta da ya kamata ka sani." Abin da na shafe kwanakin nan ina gaya masa shi ne nake rubutawa a nan, domin tambayar tasa ita ce kusan duk baƙon da ya zo mini daga gida yake yi.

Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma giya haramun ce a gare su. Ba na kiran kowa zuwa ga abin da addininsa ya hana shi. Ni na tashi a kudancin Kaduna, a gidan da ake dafa burukutu idan biki ya zo, kuma wannan rubutu na wanda yake sha ne, yake son ya san abin da zai zuba a kofinsa.

Kuskuren farko da mutumin Najeriya yake yi shi ne idan ya ga giya baƙa sai ya sa mata ran Guinness. Ba laifinsa ba ne. Tun farkon shekarun 1960 ake yin Guinness a Ikeja, kuma wadda muka saba da ita tana da ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari, don haka a wurinmu baƙar giya mai ƙarfi tana nufin ɗaci irin na kofi da aka ƙona. Baƙin Guinness daga gasasshen sha'ir yake fitowa. Waɗannan na Beljiyam kuwa ba baƙaƙe wuluk ba ne. Ɗaga kofin ka haska shi da fitila, za ka ga ja ne mai duhu, kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri. Ɗacinsu kaɗan ne. Abin da zai fara zuwa maka a hanci shi ne ƙamshin dabino, busasshen ɓaure, mazarƙwaila, wani lokaci har da kanumfari da ayabar da ta nuna sosai, alhali ba a zuba ko ɗaya daga cikinsu a tukunyar ba.

Asalin aikin bai yi nisa da abin da kakata take yi da dawa ba. A jiƙa hatsi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya tashi. Su sha'ir suke amfani da shi, suna ƙara wani fure mai ɗaci da ake kira hop, wanda yake rage zaƙi kuma yake sa giyar ta daɗe ba ta lalace ba. Sai abubuwa biyu da suka sa ta fita daban. Na farko sukari ne da ake dafawa har ya yi duhu kamar maɗi, a zuba a cikin tukunya. Mutum zai ɗauka wannan zai sa giyar ta yi zaƙi kamar alewa, amma yis ɗin yana cinye kusan duk sukarin ya mayar da shi barasa, sai ƙarfi ya hau, jikin giyar kuma ya yi sauƙi a baki, launi da ɗanɗanon ƙonannen sukari su rage. Na biyu shi ne yis ɗin kansa. Kusan kowane gida yana da irin nasa da yake tattali shekara da shekaru, kuma shi ne yake haifar da ƙamshin 'ya'yan itace da kayan yajin nan. Bayan an gama, sai a ƙara ɗan sukari da yis a cikin kwalba kafin a rufe, giyar ta sake tashi a ciki. Shi ya sa za ka ga laka ta kwanta a gindin kwalbar, shi ya sa kuma burukutu ke tsami cikin kwana biyu, wannan kuwa tana iya shekara biyar tana ƙara daɗi.

Ana yawan danganta ƙarfin giyar ƙasar da wata doka ta 1919, wadda ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Emile Vandervelde. Dokar ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya, sai masu dafa giya suka ƙara wa tasu ƙarfi don su riƙe masu saye. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin abubuwan gado na bil Adama.

Kafin mu shiga kwalaben, akwai kalmar da za ka riƙa gani a jikinsu: Trappist. Sunan wata ƙungiya ce ta 'yan zuhudun Katolika, an samo shi daga gidan ibada na La Trappe da ke yankin Normandy a Faransa. Rayuwarsu addu'a ce da aikin hannu, suna ci daga guminsu. A 1997 suka kafa ƙungiyar da take ba da tambari mai kusurwa shida, kuma ba a samun sa sai da sharuɗɗa: a dafa giyar a harabar gidan ibadar, a ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da taimakon mabukata. A Beljiyam gidaje biyar ne suka rage da wannan matsayi: Westvleteren, Westmalle, Chimay, Orval da Rochefort. Na shida, Achel, ya rasa tambarin a 2021 bayan 'yan zuhudun ƙarshe sun bar gidan. Tambarin yana gaya maka wanda ya dafa da inda kuɗinka zai je. Ba ya gaya maka ko za ta yi maka daɗi.

To, mu fara da wadda ke kan takardar kawu.

Gidan ibada na Sint-Sixtus, inda ake dafa Westvleteren, yana can yammacin yankin Flanders na Beljiyam, kusa da garin Poperinge, ba nisa da iyakar Faransa, a tsakiyar gonakin hop da filayen da aka gwabza yaƙin duniya na farko. An kafa shi a 1831, ba a daɗe ba suka fara dafa giya. Iri uku suke yi: fara mai kashi 5.8, sai mai lamba 8 da take da kashi 8, sai mai lamba 12 da take da kashi 10.2. Shekaru masu yawa kwalabensu ba su da ko takarda a jiki, da launin marfi ake gane su, kore, shuɗi, da rawaya ga ta 12. Suna zamansu lafiya, mutanen yankin suna zuwa suna saye, sai a 2005 wani shafin intanet na masu auna giya, RateBeer, ya sa ta 12 a matsayi na ɗaya a duniya. Daga nan motoci suka fara layi a ƙofar gidan. 'Yan zuhudun ba su faɗaɗa aikin don su biya wannan buƙata ba. Matsayinsu shi ne suna dafa abin da zai riƙe gidan ne kawai, addu'a ce ta kawo su wurin.

Ga yadda ake saye. A da ta waya ake yi, mutum ya wuni yana bugawa layin a cike. Tun 2019 aka koma intanet: ka yi rajista, ka jira ranar da za a buɗe sayarwa, ka shiga layi, idan rabonka ya tsaga ka zaɓi ranar ɗauka, ka ba da lambar motar da za ka zo da ita. Ana ba da ita a akwatin katako mai kwalba 24, akwai iyakar yawan da mutum zai ɗauka, kuma sai an ɗauki lokaci kafin a bar ka ka sake saye. Za ka kuma yi alkawarin ba za ka sayar wa wani ba. Wannan alkawarin ne ake karyawa kullum. A shagunan 'yan yawon buɗe ido na Brussels da Bruges za ka ga kwalba ɗaya a kan ninkin-ba-ninkin kuɗin da aka saye ta a gidan ibadar. A 2018 ma wani babban kanti a Holan ya jera ta yana sayarwa ba da izininsu ba, abin da ya ɓata musu rai ƙwarai. Ni ba na sayen irin waɗannan, kuma na hana kawu. Ba ka san watanni nawa ta yi a bayan gilashi rana tana dukan ta ba, sannan ribar ba ta zuwa inda aka nufa da ita.

Hanya mai sauƙi ga baƙo ita ce wurin shaƙatawar da ke tsallaken titi daga gidan ibadar, In de Vrede, inda za ka zauna a zuba maka kofi ɗaya, wani lokaci kuma a samu 'yan kwalabe na tafiya da su idan akwai.

Ɗanɗanonta fa? Tana da kyau ƙwarai, ba zan rage mata komai ba. Kumfarta mai kauri ce, launin madarar da aka ɗiga wa shayi. Da farko za ka ji zaƙin dabino da ɓaure, sai wani abu kamar ɓawon burodin da ya gasu sosai, sannan a ƙarshe ɗacin hop ya zo ya share harshe, ya bar bakinka a bushe. Wannan ƙarshen shi ne abin da na fi yaba mata. Babu wani ɗanɗano da yake danne ɗan'uwansa, komai ya zauna a wurinsa. Amma idan ka tambaye ni ko ta ninka sauran daɗi kamar yadda ta ninka su wahalar samu, amsata a'a ce. Rabin sunanta ƙarancinta ne ya yi mata.

Dalilin da ya sa nake faɗar haka da ƙarfin gwiwa yana wani ƙauye da ake kira Watou, tafiyar mintuna kaɗan a mota daga Sint-Sixtus. Labarin wurin ya fara da cuku. A farkon ƙarni na ashirin, lokacin da gwamnatin Faransa ta matsa wa ƙungiyoyin addini, 'yan zuhudun gidan ibada na Mont des Cats da ke Faransa suka tsallako iyaka suka kafa gona a Watou, suna yin cuku. Da suka koma gida a shekarun 1930, wani ɗan kasuwa, Evariste Deconinck, ya karɓi sana'ar. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, 'yan zuhudun Sint-Sixtus suka yanke shawarar rage harkar kasuwanci, suka ba shi lasisin dafa giyarsu don sayarwa a waje. Mai dafa musu giya, Mathieu Szafranski, ya koma Watou da tsarin dafawar da kuma yis ɗin gidan. Shekara arba'in da shida ana sayar da giyar Watou da sunan St. Sixtus. A 1992 yarjejeniyar ta ƙare, domin gidajen Trappist sun tsaya a kan cewa duk abin da zai ɗauki sunansu sai an yi shi a cikin ganuwarsu. Sai kamfanin ya ci gaba da sunan St. Bernardus, giyar tasa mafi ƙarfi kuma ita ce Abt 12, mai kashi 10.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Gidan Sint-Sixtus daga baya ya koma amfani da yis ɗin Westmalle. Ke nan tsohon yis ɗin Westvleteren a Watou ya ci gaba da rayuwa. Wanda yake son ya ji kusan abin da kakannin mutanen yankin suke sha, mai yiwuwa kwalbar da ke kan kantar kowane babban kanti ta fi kusa da shi fiye da wadda ake yi wa layi.

Na taɓa zuba su biyun a kofuna iri ɗaya a dare ɗaya, kuma ba tagwaye ba ne. St. Bernardus ta fi laushi a baki, ta fi zaƙi, ƙamshin 'ya'yan itace ya fi fitowa fili, da ayaba a gaba, sannan wani abu da kullum yake tuna mini da goribar da muke gaigaya muna yara. Kumfarta tana daɗewa har ka kai gindin kofi. Ƙarshenta bai kai na Westvleteren bushewa ba, zaƙin yana ɗan manne wa harshe. Wanda ya ƙware zai bambance su. Wanda yau ne farkonsa zai ce 'ya'yan ɗaki ɗaya ne, kuma da yawa sukan zaɓi St. Bernardus idan ba a nuna musu kwalaben ba, saboda ta fi saurin shiga rai. Kuɗinta 'yan Yuro kaɗan ne, ana kuma fitar da ita ƙasashe da dama. Za ka gane ta da shuɗiyar takarda da hoton wani mai murmushi riƙe da kofi. Ba Trappist ba ce, kamfani ne na 'yan kasuwa, idan wannan yana da muhimmanci a wurinka to ka sani.

Yanzu sai wadda zuciyata take wurinta.

Rochefort tana can kudu, a yankin masu magana da Faransanci, lardin Namur, inda ƙasar ta fara zama tudu da daji. Gidan ibadar sunansa Notre-Dame de Saint-Rémy. Akwai shaidar ana dafa giya a wurin tun 1595. Juyin juya halin Faransa ya tarwatsa gidan, sai a ƙarshen ƙarni na sha tara 'yan zuhudu daga Achel suka zo suka raya shi, aka koma dafawa a 1899. Baƙaƙen giyarsu uku ne: lamba 6 mai jan marfi da kashi 7.5, lamba 8 mai koren marfi da kashi 9.2, lamba 10 mai shuɗin marfi da kashi 11.3. Kada lambobin su ruɗe ka. Tsohon ma'aunin kaurin ruwan hatsi ne kafin ya tashi, ba yawan barasa ba. Shi ya sa Rochefort 10 ta fi Westvleteren 12 ƙarfi, ko da yake lambarta ta fi ƙanƙanta.

Ruwansu daga wata maɓuɓɓuga yake zuwa da ake kira Tridaine, kuma ba su ɗauke shi da wasa ba. Sun yi shekaru suna shari'a da wani kamfanin haƙar dutsen farar ƙasa da yake son zurfafa raminsa, abin da zai taɓa maɓuɓɓugar, har kotu ta ba su gaskiya a 2021. Wanda ya taɓa shan shayin da aka dafa da ruwan rijiya biyu daban ya san dalilin da mutum zai je kotu a kan ruwa.

Rochefort 10 ita ce mafi duhu a cikinsu, kuma mafi nauyi. Idan ka kai hanci, ɗinya ce za ta fara zuwa maka, irin wadda aka dafa aka yi maɗi da ita, sai busasshen inabi, sai cakulan mai ɗaci, da ɗan yaji a can ƙasa kamar masoro. Kurɓin farko yana da tsini saboda iskar da ke cikinta, daga nan sai ɗumi ya sauka daga maƙogwaro zuwa ƙirji a hankali. Abin da nake ƙauna a game da ita shi ne ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kofin da ka fara da ƙarfe tara ba shi ne za ka ƙarasa da ƙarfe goma ba: yayin da take ɗumama, zaƙin yana ja baya, ɗanɗanon ƙonannen sukari da na fatar ɓaure suna fitowa. Aibinta ɗaya, barasar ba ta ɓuya. Idan kwalbar sabuwa ce za ka ji zafinta a hanci, kuma wanda bai saba ba zai iya cewa ta yi masa yawa. Wata shida ko shekara a ajiye tana gyara wannan. Ga wanda yake son halin Rochefort ba tare da wannan nauyin ba, mai koren marfi tana nan, kuma akwai ranakun da ni kaina ita nake ɗauka.

Chimay mai shuɗiyar takarda ita ce wadda za ka fi samu a ko'ina, har a filayen jirgin sama. Gidan ibada na Scourmont yake yin ta, sun fara dafa giya a 1862, ita kuma wannan ta fara ne a matsayin giyar Kirsimeti, bayan Fada Théodore, wani ɗan zuhudun gidan, ya ware a 1948 yis ɗin da suke amfani da shi har yau. Kashi 9 ce, a babbar kwalba mai santilita 75 ana kiran ta Grande Réserve, kuma ana buga shekarar da aka yi ta a jiki. Ta fi sauran ukun sauƙi, ta fi bushewa, da ɗan yaji da ƙamshin burodi. Ba ta da zurfin Rochefort, amma a kan tebur da abinci ta fi su duka biyayya, domin ba ta danne abin da kake ci. Gidan yana yin cuku ma, su biyun suna tafiya tare.

Akwai wasu da za ka ci karo da su. Westmalle Dubbel kashi 7 ce, ƙanwar waɗannan, mai kyau ga wanda yake son ya fara daga ƙasa. La Trappe Quadrupel ta Holan, kashi 10, ita ce ta fito da sunan Quadrupel a 1991, wanda yanzu ake liƙa wa duk wannan dangin, amma ni zaƙinta ya yi mini yawa. Gulden Draak mai farar kwalba, kashi 10.5, wadda aka sa wa sunan macijin zinaren da ke saman hasumiyar Ghent, ita ma a ɓangaren zaƙi take.

Duk wadda ka zaɓa, za ka iya ɓata ta da hannunka, kuma hanyar da muka fi ɓata ta ita ce sanyi. A gida mun saba cewa a kawo mai raɓa, wadda ta kusa ƙanƙara, kuma a zafin Afrilu wannan daidai ne ga Star ko Gulder. Ga waɗannan kuwa sanyi yana kulle ƙamshin, sai ka ji barasa da iska kawai. Wajen digiri 12 zuwa 14 ake so. Fitar da ita daga firji ka bar ta kamar minti ashirin. Kada ka kafa kai a kwalba. Nemi kofi mai faɗin baki da ƙafa, wanda aka ɗauraye babu sauran sabulu ko maiƙo, ka karkata shi ka zuba a hankali, ka miƙe shi a ƙarshe don kumfa ta hau kamar yatsu biyu. Ka bar ɗan abin da ya rage a gindin kwalba, nan lakar yis take. Wasu suna shanye ta daban, ba ta da illa, amma idan ta shiga kofin tana gurɓata launi ta ƙara ɗaci.

Sai maganar ƙarfi, wadda na zauna na yi wa kawu lissafi a kan takardarsa. Kwalbar ƙarama ce, santilita 33, har mutum ya raina ta. Amma Rochefort 10 ɗaya tana ɗauke da tsantsar barasa wajen mililita 37. Babbar kwalbar da muka saba da ita a gida, santilita 60 mai kashi 5, mililita 30 ce. Ke nan wannan 'yar ƙaramar ta fi babbar kwalba guda, kuma zaƙinta yana ɓoye hakan har sai ka tashi tsaye. Ɗaya ta isa dare, da abinci a ciki. Wanda ya sha ta ba shi da tuƙi a ranar. Mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai shan magani da mai juna biyu, wannan ba tasu ba ce.

Game da abinci, mutanen Flanders suna da wani farfesun naman shanu da ake dafawa da baƙar giya da albasa mai yawa har naman ya narke, ana ci da soyayyen dankali, kuma da shi aka fi haɗa su. Na gwada da namu. Da tsire ko balangu marar yaji sosai, Chimay da St. Bernardus suna tafiya lafiya, ƙuli-ƙulin da ke jikin naman yana son zaƙinsu. Idan barkono ya yi yawa kuwa barasar tana hura wutarsa, sai baki ya kama zafi ka daina jin komai. Rochefort 10 ba na haɗa ta da abinci mai nauyi. Bayan an ɗauke kwanuka nake buɗe ta, da gyaɗa soyayya ko ɗan cuku.

Idan tsaraba za ka yi, ka tuna zafi da haske su ne abokan gabarta. A tsaye ake ajiye ta, a wuri mai duhu da sanyi, kuma kwana uku a bayan mota tsakanin Abuja da gida sun isa su canja ta. Ka kuma san inda za ka: jihohi goma sha biyu na Arewa suna bin shari'ar Musulunci, a wurare irin su Kano hukumar Hisba tana kama giya tana fasawa. Kada ka kai ta inda doka ko mutuncin masu masaukinka bai yarda ba.

To wace za ka ɗauka? Idan wannan ne karon farko kuma kwalba ɗaya za ka saya, St. Bernardus Abt 12 nake ba ka shawara, domin za ta nuna maka duk abin da wannan dangin yake da shi, ba tare da ta gigita ka ba, kuma ba sai ka yi rajista ko ka yi hayar mota ba. Idan ka riga ka saba, kana da dare guda da babu inda za ka, kuma ɗumin barasa ba ya damun ka, Rochefort 10 ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba, kuma ita ce nake ajiyewa don kaina. Chimay ta taron cin abinci ce, a sayi babbar kwalba a raba wa mutum uku. Westvleteren kuwa, ka je mata idan wurin kake son gani: gonakin, shirun da ke kewaye da ganuwar, maƙabartun sojojin yaƙin farko da ke kan hanyar Ypres. Idan don ɗanɗanon kawai ne, ba ta kai a ɓata mata kwana guda cikin kwana biyar ba.

Kawu ya saurari duk wannan, ya ce, "Na ji, ɗana, amma gani ya kori ji. Abokina zai tambaye ni." Ranar Asabar muka ɗauki hanya, ruwa yana ta yayyafi, muka isa In de Vrede wajen azahar. Ni ke tuƙi, sai na nemi kofi mai zafi da miya, shi aka kawo masa tasa. Ya daɗe yana shinshina kafin ya kurɓa, ya rufe ido, ya ce ta tuna masa da maɗin ɗinyar da mahaifiyarsu take dafawa da kaka. Ya yi kusan awa guda a kan kofin nan, yana kallon ganuwar gidan ibadar ta taga. A hanyar dawowa ya sa na tsaya a wani kanti a Poperinge, ya sayi St. Bernardus biyu da Rochefort mai koren marfi guda, ya naɗe kowace a cikin safa kafin ya sa su a tsakiyar jakarsa.